Filin Tambaya da Amsa: Wai me "charge" take nufi takamaimai?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon kamar haɗa baki kuka yi, wasiƙu sai shigowa suke a kan kalma guda, don haka masu tambayoyin nahawu ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Na rage tsawon wasu wasiƙun saboda fili, amma ban taɓa tambayar kowa ba.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce ina shirin jarabawar gama sakandare, a wani gwaji aka bamu jimlar "The man was charged with theft" aka ce mu yi bayaninta, ni kuma na rubuta cewa an ci mutumin tarar kuɗi saboda ya yi sata, tunda dai na san charge kuɗi ne, sai malaminmu ya ja min jan biro yace sam ba haka bane. Da na duba ƙamus sai na ga ma'anoni rututu, ga ta waya ga ta kotu ga ta kuɗi ga ta soja, wallahi har kaina ya ɗau zafi. Haddace su zan yi duka ko yaya? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Ɗiyata, malaminki ya fi ki gaskiya a nan. Jimlar tana nufin an tuhumi mutumin da laifin sata, wato hukuma ta fito a rubuce tace kai muke zargi, zo ka kare kanka gaban alƙali. Ba a kai maganar kuɗi ba tukuna, tara sai an same shi da laifi, kuma ita tara sunanta daban, "fine" ake ce mata.

Batun haddacewa kuwa, kar ki wahalar da kanki. Duk ma'anonin nan da kika gani a jere tushensu ɗaya, kuma in kika riƙe tushen sauran zasu biyo ki da kansu. A Latin, harshen Rumawan da, akwai kalma "carrus" wato amalanke, daga ita aka samu "carricare", yi wa amalanke lodi. Kalmar ta gangaro cikin tsohon Faransanci ta zama "chargier", to a shekarar 1066 William na Normandy ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, daga nan fada da kotu da manyan gari duk suka koma Faransanci na tsawon ɗaruruwan shekaru, sai a 1362 zamanin sarki Edward na uku ma aka yi dokar cewa a riƙa yin shari'a a kotu da Turanci. Shi ya sa da yawa daga cikin kalmomin kotu na Turanci aro ne daga Faransanci, judge, jury, court, prison, har da ita charge ɗin. Lokacin da ta shigo Turanci wajen ƙarni na 13 ma'anarta ɗaya ce tal, ɗora kaya.

Yanzu ki ajiye Turanci ki dawo Hausa ki ga abin mamaki. Mu ma ai muna ɗora kaya, muna ɗora wa mutum laifi, muna ɗora masa nauyin gida, gwamnati tana ɗora haraji. Ba wanda ya taɓa zaunar dake yace ki haddace ma'anonin "ɗora" guda huɗu, kin dai san abu ne mai nauyi ake azawa kan wani, sauran kuma kunnenki ne yake gane ko kaya ne ko laifi ko amana. To haka charge take. An ɗora maka laifi, kotu kenan. An ɗora maka kuɗi, ciniki kenan. An ɗora maka nauyin kula da wuri, shugabanci kenan. Inda "ɗora" bata shiga ba kuma ki gwada ƙanwarta "ɗura", ɗura albarushi a bindiga, ɗura wuta a batir.

Dangin kalmar ma duk 'yan dako ne in kin lura: car, carry, da cargo wadda ta biyo ta Sifaniyanci, har da caricature, zanen barkwanci da ake ƙara wa mutum girman hanci ko kunne, wannan daga Italiyanci take, wai an yi wa fuskar lodi fiye da kima. Masu karanta mu da suka yi boko da Faransanci su abin bai basu wahala, don har gobe "charger" a wajensu lodi ne, sauke abu daga intanet ma "télécharger" suke cewa.

Kuma kar ki ga laifin Turanci, mu ne ma gwanaye a wannan harkar. Ki tausaya wa baƙon da yake koyon Hausa aka ce masa "ci" na nufin sa abu a baki a haɗiye, washegari ya ji an ce wane ya ci jarabawa, wane ya ci amana, wane ya ci bashi, an ci mutuncin wance, an ci su biyu da nema, kasuwa tana ci, wuta ta ci gida, wane ya ci sarauta. A Turancin ma charge ba ita ce gagarabadau ba. Babban ƙamus na Oxford bugun 1989 ya jera wa "set" ma'ana 430, da aka sake bitar "run" a 2011 kuma aka samu 645 a matsayinta na aikatau kaɗai. Ba Baturen da ya haddace su, maƙwabtan kalma yake kallo. Ke ma abin da zaki riƙa kallo kenan, ƙaramar kalmar da ta biyo bayanta: with, for, of, at. Da kin lura da "with theft" a jimlar nan da jan biro bai same ki ba, don na kuɗi "for" yake ɗauka.

TAMBAYA: Malam ni mai bin labarai ne sosai, kullum sai na ga an rubuta wane "has been charged", sai mutane su hau yi masa tofin Allah tsine wai an kama shi da laifi. Ni dai jikina yana bani akwai bambanci. Sannan mene ne "discharged and acquitted", ba abu ɗaya bane aka maimaita? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa jikinka bai yi maka ƙarya ba, kuma wannan kuskuren ya fi na jarabawa illa don mutuncin mutane yake ci. Matakai uku ne mutane suke cakuɗawa. "Arrested" an kama shi, yana hannu, ƙila ma a sake shi kafin yamma ba a ce masa komai ba. "Charged" an rubuta tuhuma, an ce ga laifin da muke zarginka da shi ƙarƙashin sashe kaza na doka. "Convicted" shi ne kotu ta saurari kowa ta same shi da laifi. Tsakanin na biyu da na uku ana iya shekaru, kuma mutane da yawa basa taɓa kaiwa na ukun. Wanda aka yi wa charge an aza masa kaya ne kawai, ba a tabbatar nasa bane, a doka har yanzu mara laifi ne. Duk mai fassara labari da ya mayar da "charged with murder" zuwa "an same shi da laifin kisa" ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba.

Ga wasu da zaka riƙa cin karo dasu a jarida. "Charge sheet" takardar tuhuma. "A five-count charge" tuhuma mai ɗauke da laifuka biyar. "Press charges" wanda aka yi wa laifi ya tsaya kai da fata sai an gurfanar da wanda ya cuce shi. "Drop the charges" janye tuhuma. "Trumped-up charges" kuma tuhumar ƙage, sharri kenan a taƙaice. Caji ofis ɗin da muke faɗa ma daga nan ya fito, "charge office", asalinsa ɗakin da ake rubuta tuhuma a ofishin 'yan sanda, mu kuma muka raɗa wa ginin gaba ɗaya.

Sai "discharge". In charge ɗorawa ce to discharge saukewa ce, kuma wallahi in ka riƙe wannan ka huta. Jirgin ruwa ya sauke kaya, discharge. Asibiti ta sallami majinyaci, discharge, ta sauke nauyinsa daga kanta. An sallami soja daga aiki, discharge. Batir ya zube, discharge. An harba bindiga ta amayar da abin da aka ɗura mata, discharge. Wadda tafi burge ni ita ce "discharge your duties", wadda ba sai an yi wani kwana-kwana ba, sauke nauyin da aka ɗora maka kenan, kamar da Hausa aka fara faɗinta.

A kotu kuma ba maimaici bane. A galibin ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila ana iya sallamar mutum ba tare da an shiga cikin shari'ar ba, misali masu gabatar da ƙara sun yi ta ƙin zuwa ko takardunsu basu cika ba, alƙali yace tafi, amma ana iya sake kamo shi a kan maganar gobe. "Acquitted" kuwa wankewa ce, kotu ta duba tace bashi da laifi, kuma a ƙa'ida ba a sake gurfanar da shi kan wannan laifin. Shi ya sa lauyoyi suke son jin kalmomin biyu a haɗe. A Ingila ma akwai wani nau'in da ake cewa "conditional discharge", inda an samu mutum da laifin amma ba a hukunta shi ba, da sharaɗin kar ya sake cikin wani wa'adi. Kaga nan an sallame shi amma ba a wanke shi ba. In maganar ta shafi wani naka ne to lauya zaka nema ya karanta maka takardar hukuncin, filin nan na harshe ne.

Abu ɗaya da zan ƙara don kar ka rikice: "charged with" ba kullum laifi bane. In ka ga "The committee is charged with reviewing the law" ba tuhumar kwamitin ake ba, nauyin bitar dokar aka ɗora masa. Abin da ya biyo bayan with zaka duba, in sata ce ko kisa to kotu, in aiki ne to amana.

TAMBAYA: Malam wanne ne daidai, "in charge of" ko "in the charge of"? Shugabarmu a wajen aiki ta gyara min wasiƙa ta cire "the" ban gane dalili ba. Daga wata ma'aikaciya.

AMSA: Hajiya duka biyun daidai ne, sai dai kishiyoyin juna ne, wannan 'yar "the" ɗin ita take juya wa ke sama wa ke ƙasa. "The nurse is in charge of the baby", nas ce take kula da jariri. "The baby is in the charge of the nurse", jaririn yana hannun nas. In kika yi kuskure kika rubuta "The baby is in charge of the nurse" kin naɗa jariri ogan nas. Ina kyautata zaton kin rubuta cewa ke kina "in the charge of" wani sashe ne alhali ke ce mai riƙe da shi, shi ya sa ta cire, kuma ta kyauta miki.

"Take charge" karɓar ragama. Yaran da aka damƙa wa mai reno ko malami kuma ana ce musu "her charges" ko "his charges", su ne kayan da aka ɗora mata. Daga nan ne kuma aka samu muƙamin nan na diflomasiyya, chargé d'affaires, wanda aka bar shi da Faransancinsa ana furta shi kamar "sharje dafer", wanda aka ɗora wa al'amura. Shi ne yake riƙe ofishin jakadanci in babu jakada, kuma yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta ambace shi cikin rukunan shugabannin ofishin.

TAMBAYA: Ni sana'ata gyaran waya, kullum bakina caji caji, caja ta lalace, waya bata ɗaukar caji, batir baya riƙe caji. Ya aka yi kalmar kotu ta shigo cikin waya? Kuma lambar nan ta mAh da ake rubutawa jikin batir tana da alaƙa da ita? Daga wani mai gyara.

AMSA: Maigida ba daga kotu ta shigo ba, ta hanyar bindiga ta biyo. Tun kafin a san lantarki Turawa suna cewa an yi charge ɗin bindiga ko igwa in an ɗura mata albarushi, shi kansa awon albarushin da ake ɗurawa sunansa charge. To a 1745 wani Bajamushe Ewald von Kleist, sannan a 1746 Pieter van Musschenbroek a garin Leiden na ƙasar Holan, kowa da kansa ya gano cewa ana iya tara wutar lantarki a kwalbar gilas mai ruwa da ƙarfe a tsakiya, in ka taɓa ta fizge ka har ƙashi. Ka duba kamannin: ka ɗura abu a hankali, ya zauna shiru, sannan ya fita gaba ɗaya da tartsatsi da ƙara. Ai ba sai an nemo sabuwar kalma ba. Benjamin Franklin na Philadelphia a Amurka, cikin wasiƙun da ya fara aika wa abokinsa Peter Collinson a Landan daga 1747, ya yi ta amfani da charge da discharge, shi ne kuma ya kawo positive da negative cikin harkar. Kalmar battery ma a lokacin jerin igwogi take nufi, shi ya ara ya raɗa wa jerin gilasan da ya haɗa wuri guda. Kaga kenan rabin kalmomin da kake faɗa a teburinka na sojan igwa ne.

Tunda an zo nan bari in baka wata da take kayar da mutane. In ka karanta "He was charged with battery" ba a jona kowa da batir ba, an tuhume shi da duka ne, don battery a doka dukan mutum ne, asalinta daga kalmar Faransanci mai nufin bugu.

Lambar mAh kuwa kai tsaye awon charge ce. A kimiyya charge wata ɗabi'a ce ta ƙananan ƙwayoyin da suke cikin zarra, electron nata negative, proton nata positive, kuma ma'auninta coulomb, sunan Bafaranshe Charles-Augustin de Coulomb da ya fitar da dokar jan juna da turin juna tsakaninsu a 1785. mAh ɗaya daidai yake da coulomb 3.6, don haka batir mai 5000 mAh yana iya tura coulomb 18,000 kafin ya zube, in sabo ne fa, kai ka fi ni sanin yadda suke zama bayan shekara biyu. Sai dai a nan kalmar tana ɗan yaudara, mutum zai ɗauka caja tana zuba wani abu ne cikin batir har ya cika. Ba abin da ake ƙarawa. A batirin lithium irin na wayoyi, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, caja tana tura ƙwayoyin lithium ne daga wannan ɓari zuwa wancan, in kana amfani da wayar su kuma su riƙa komawa, a hanyar komawar ne ake samun wutar. Kai da komowar nan ce take gajiyar da batir har ya daina riƙewa.

TAMBAYA: Malam ina sayar da kaya ta intanet kuma wasu kwastomomina da Turanci suke min magana. Na taɓa rubuta "This bag charges" da kuɗin a gaba, sai wata ta turo min alamar dariya tace jakar caji take yi? Ina kuskuren? Daga wata 'yar kasuwa.

AMSA: 'Yar'uwa ai ta ma yi miki da sauƙi. Mutum ko kamfani ne yake charge, kaya kuma cost suke yi, tunda jaka bata da hannun da zata ɗora wa kowa kuɗi. "How much do you charge?" nawa kike karɓa. "How much does it cost?" nawa ne kuɗinsa. In zaki faɗi abin da aka karɓi kuɗin dominsa sai ki sa for, "We charge for delivery", muna karɓar kuɗin kaiwa. Ki kiyaye kar with ta shigo nan, in kika ce wa kwastoma "I will charge you with" kin fara maganar kotu.

A matsayin suna kuma charge ta fi zama a kan kuɗin hidima, price kuɗin kayan da ake saya, fee na makaranta ko likita ko lauya, fare na mota ko jirgi. "Free of charge" kyauta. "Surcharge" ƙari a kan kuɗin asali. "Overcharge" tsuga kuɗi, ko da gangan ko bisa kuskure. "Hidden charges" kuma su ne waɗanda ba a faɗa sai an zo biya, in baki dasu ki rubuta hakan ɓaro-ɓaro, masu saye suna son gani. Amurkawa suna da wata, "charge it", ma'ana a ɗora a katina in biya daga baya, abin da ya yaɗu tun bayan da katin Diners Club ya fito a 1950, wanda har yau irinsa ake kira charge card.

TAMBAYA: Na koyar da Turanci shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma ina da ja da masu son mayar da kowace kalma ga tushe guda, na san kuma halinka ne. In ka ce charge ɗora kaya ce, to "The elephant charged at us" fa? Wane kaya giwa ta ɗora? Ina ganin gara a faɗa wa yara gaskiya cewa wasu ma'anonin sai hadda. Daga wani tsohon malami.

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba, kun san halina kuwa, kuma kun zaɓo wadda tafi nisa da gida. Wannan ma'anar ta kai farmaki a guje bata bayyana ba sai ƙarni na 16, kuma wasu masana tarihin kalmomi suna ganin ta biyo ta hanyar makami ne, a ɗura shi a saita shi sannan a afka. Ni kuma nakan ce wa ɗalibai su kalli abin da giwar take yi, duk nauyin jikinta ta tattaro zata sauke a kanku. Na yarda igiyar ta yi tsawo a nan, amma bata tsinke ba.

Mu a Hausa "ta yi kukan kura ta afka mana" zamu ce, in dawakai ne kuma sukuwa. Shahararriyar charge a tarihin Birtaniya ita ce ta Balaclava ranar 25 ga Oktoba 1854 a yaƙin Crimea, inda mahaya sama da 600 ƙarƙashin Lord Cardigan suka yi sukuwa cikin kwari suka tunkari igwogin Rasha gaba da gaba saboda umarnin da aka fahimta a karkace, aka yi musu mummunar ɓarna. Dokin yaƙi ma sunansa charger, sunan da yau cajar waya ta gada, don haka yaron da ya karanta tsohon labari ya ga jarumi ya hau charger ɗinsa kar ya yi dariya, ingarma ake nufi. Ma'anar ta sauko har cikin maganar yau da kullum, "He charged into the office" ya faɗo ofis a fusace ko sallama babu, a ƙwallon ƙafa kuma "shoulder charge" ita ce kafaɗar da ake sa wa abokin hamayya.

Inda nake tare daku ɗari bisa ɗari shi ne wajen rubutu. Tushe yana taimakon mai karatu ya cinki ma'ana, amma baya gaya wa mai rubutu cewa laifi with yake ɗauka, kuɗi for, farmaki at, shugabanci of. Wannan kam sai yawan gani da maimaitawa, in kun kira shi hadda ban musa ba. Inda muka rabu shi ne ni bana son yaro ya haddace jerin ma'anoni tsirara, na ɗaya kaza na biyu kaza, gara ya riƙe gajerun jimloli guda huɗu ko biyar cikakku, kowace da maƙwabciyarta a jiki. Ku sake rubuto mana Baba, irin wannan jan muke so.

TAMBAYA: Malam na dawo daga tafiya nake ba wani abokin aikina Bature labari nace "They charged my bag at the airport", sai yace nawa suka karɓa? Ni kuma caje jakar aka yi, ba kuɗi. Daga wani matafiyi.

AMSA: Alhaji abokinka bai yi laifi ba, abin da ka faɗa masa kenan, cewa an karɓi kuɗi a kan jakarka, ƙila don ta wuce nauyi. "Caje" da muke faɗa da nufin bincike aljihu ko jaka ko mota tamu ce mu kaɗai, charge ta Turanci bata da wannan ma'anar ko kaɗan, cikin duk tulin ma'anoninta. Kalmar aro in ta shigo harshe takan yi 'ya'yan da can gidansu ba a san su ba. Haka "kaina ya ɗau caji", in ka ce wa Bature "my head is charged" kallonka kawai zai yi, duk da cewa su ma suna cewa "a charged atmosphere" in taro ya yi zafi ana jiran ƙiris a kaure. Kuma katin wayar da ake cewa recharge card, in ka je Birtaniya "top up" zaka ji suna cewa.

Abin da zaka ce masa shi ne "They searched my bag". In jikinka aka lalube kuma "They frisked me" ko "They patted me down".